Darasi Na 14: Zaburar da Ƙwayoyin Daskarewa a Cikin PRP

A darasin da ya gabata mun ga cewa jini ba abu guda ba ne. Idan aka zuba shi a kwalbar gwaji aka sa a injin da ke wulwula shi da gudu, sai ya rabu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa saboda nauyinsu, ruwan jini mai launin ɗorawa ya taso sama, a tsakani kuma a ga wani siririn layi fari-fari inda fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarewa suka taru. Likita na iya zuƙe ɓangaren ruwan da ƙwayoyin daskarewa suka fi yawa a ciki, ya mayar wa mai jinin a wurin da yake ciwo: gwiwa, agara, dasashi, gyambo ko fatar kai. Wannan ruwan shi ake kira PRP a asibitoci, haka mu ma za mu riƙa kiransa.

To, amma kafin ya mayar akwai shawarar da sai ya yanke. Ƙwayoyin da ke cikin sirinjin a kwance suke, ba su saki komai ba tukuna. Zai zaburar da su tun a waje ne, ko zai bari sai sun shiga jiki? In zai zaburar, da me? Ku riƙe abu ɗaya tun daga nan: ba a yawan abin da suke fitarwa kaɗai hanyoyin zaburarwar suka bambanta ba. Babban bambancinsu lokaci ne, wato ko cikin awa 1 za a juye kayan ko cikin kwana 7, sai kuma ko ruwan zai daskare ya zauna inda aka sa shi ko zai malale.

Me ke cikin ƙwayar?

Ƙwayar daskarewa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin jini. Faɗinta maikiromita 2 zuwa 3 ne, alhali jar ƙwaya na kaiwa 7 zuwa 8. Ba ma cikakkiyar ƙwayar halitta ba ce, gutsure ce da ke ɓallewa daga wasu manyan ƙwayoyi mazauna ɓargo. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, ya bayyana aikinta a 1882, sannan James Homer Wright na Boston ya nuna asalinta daga ɓargo a 1906. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jininsa, maikirolita kuwa kashi 1 ce cikin 1,000 na mililita. Kowace ƙwaya na rayuwa kwana 7 zuwa 10. In kun taɓa karɓar takardar gwajin jini, lambar da ke gaban haruffan PLT ita ce adadinsu.

Cikin kowace ƙwaya akwai 'yan jakunkuna 50 zuwa 80 da ake kira jakunkunan alfa, a nan ake ajiye sinadaran gina nama. Akwai PDGF, mai kiran ƙwayoyin da ke gina nama su taru a bakin rauni su hayayyafa. Akwai TGF-beta, mai sa su saƙa sabon zaren kolajin. VEGF yana sa sababbin ƙananan hanyoyin jini su tsiro, EGF kuma yana sa fata ta rufe miki. Yadda aka gano na farkon ya dace da darasinmu ƙwarai. A 1974 Russell Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke Seattle suna renon ƙwayoyin tsokar hanyar jini a ɗakin gwaji. Suka lura in an ba ƙwayoyin ruwan da aka samu daga jinin da ya daskare dungurungum, suna hayayyafa. In kuwa an cire ƙwayoyin daskarewa kafin jinin ya daskare, ba sa yi. Ashe sinadarin yana ƙunshe a cikin ƙwayoyin, daskarewa ce ke fito da shi.

Abu biyu ne manya da ke tayar da ƙwayar a jiki. Na farko kolajin, wato zaren furotin da aka gina fata da jijiyoyi da bangon hanyoyin jini da shi. Muddin hanyar jini lafiya take, akwai shimfiɗa a cikinta da ke raba jini da kolajin. Da zarar wuƙa ta yanki mutum shimfiɗar ta yage, sai ƙwayoyin su manne wa kolajin ɗin. Na biyu turombin, sinadarin da jini ke haɗawa nan take a bakin rauni daga wani furotin da hanta ke yi. Turombin aiki biyu yake yi. Yana zaburar da ƙwayoyin da ƙarfin da babu wani sinadarin jiki da ya kai shi, yana kuma mayar da fibirinojin, wanda yake a narke cikin ruwan jini, ya zama zaren fibirin. Zaren nan ne ke saƙuwa ya zama gudan jini. Ƙwayar da aka zabura takan canza kama cikin daƙiƙoƙi: ta kumbura, ta fito da ƙafafu, ta manne wa 'yan'uwanta, ta juye jakunkunanta waje. Abin da ya fita kuwa ba ya komawa.

Dalilin da ya sa suke kwance a sirinji

Jinin da aka zuƙa aka bari haka nan zai daskare cikin 'yan mintuna, kafin a gama haɗa PRP. Don haka ake sa sitiret a kwalbar tun kafin jini ya shiga. Tun 1890 masana biyu a Faransa, Arthus da Pagès, suka nuna cewa jini ba ya daskarewa in babu kalsiyam, sitiret kuwa kama kalsiyam ɗin yake yi ya riƙe. A 1914 Albert Hustin a Beljiyam da Luis Agote a Ajantina suka yi ƙarin jini da jinin da aka sa wa sitiret, har yau kuma shi ne a cikin ledar jinin da ake ƙara wa marar lafiya. Babu kalsiyam, babu turombin, ƙwayoyin kuma su ci gaba da kwanciyarsu. Duk hanyoyin da za mu gani ƙoƙari ne na kwance wannan ɗaurin da mu da kanmu muka yi, ko na kauce masa gaba ɗaya.

Turombin da kalsiyam: hanyar Marx

Wanda ya fito da sunan PRP a duniya shi ne Robert Marx, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Mayami ta Amurka. A 1998 ya buga rahoto kan marasa lafiya 88 da aka yi wa dashen ƙashi a muƙamuƙi. A dashen da aka haɗa da PRP, sabon ƙashi ya cike kashi 74 cikin 100 na wurin, a wanda ba a haɗa ba kuwa kashi 55. Shi ne kuma a 2001 ya gindaya ma'aunin da ake yawan ambata: ƙwaya 1,000,000 a kowace maikirolita.

Marx yana narkar da garin turombin da aka tato daga jinin shanu a cikin ruwan kalsiyam kuloraid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ya ɗiga kaɗan a PRP. Cikin daƙiƙoƙi ruwan ke yin kauri ya daskare. Ga mai dashen ƙashi wannan alheri ne, don daskararren yana riƙe ɓarɓashin ƙashin wuri guda, ba ya watsewa a cikin baki. Sai dai juyewar ma haka take da sauri. A cewar Marx, ƙwayoyin na fara saki cikin minti 10, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da suka tanada ya fita cikin awa 1. Shi ya sa ya yi kashedi kada a zaburar sai an zo daf da sawa. PRP ɗin da ke da sitiret na iya jira har awa 8, wanda aka zuba wa turombin ba ya jira.

Matsalar ta fito daga shanun. Garin turombin na wancan zamani yana ɗauke da ɓurɓushin wani furotin na shanu mai suna fakta 5, wanda ya yi kama da namu. Garkuwar jikin wasu marasa lafiya da aka yi wa tiyata da shi ta yaƙi na shanun, daga nan ta juya kan nasu, suka kama zubar da jinin da ke wuyar tsayawa. Hukumar FDA ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mai tsanani a kwalin maganin. A Turai kuma ɓullar cutar haukar shanu a Birtaniya ta ƙara sa mutane ɗari-ɗari da duk wani abu da aka tato daga saniya. A 2007 FDA ta amince da turombin na jinin ɗan Adam, a 2008 kuma da wanda ake haɗawa a masana'anta ba tare da jinin kowa ba.

Akwai mafita mai arha: a samo turombin daga marar lafiyar kansa. A ware ɗan ruwan jininsa a kwalbar gilas, a sa kalsiyam, a jira ya daskare, a matse gudan. Ruwan da ya fito yana da turombin. Aibinsa ɓata lokaci, kuma ƙarfinsa ba ya zama ɗaya daga mutum zuwa mutum.

Kalsiyam kaɗai

A 1999 Eduardo Anitua, likitan haƙori a birnin Vitoria na Sifaniya, ya ajiye turombin gefe. Tunda kama kalsiyam ne ya hana daskarewa, to a mayar da kalsiyam ɗin, jini ya yi sauran aikin da kansa. Awon da aka san shi da shi shi ne maikirolita 50 na kalsiyam kuloraid a kowace mililita ta ruwan jini, wato kashi 1 cikin 20. Kalsiyam ɗin yana rinjayar sitiret, turombin na mai jinin ya fara haɗuwa kaɗan-kaɗan, gudan ya fito daga 'yan mintuna zuwa rabin awa, gwargwadon ɗumin wuri da yawan abin da aka zuba.

Wannan jinkirin shi ne amfaninsa. A mintunan farko ruwan yana nan a ruwa, ana iya yin allura da shi ya je ya daskare a cikin gaɓa. In aka jira ya daskare a kwano, an sami abin shimfiɗawa a kan gyambo ko cusawa a gurbin haƙorin da aka cire. In aka ƙara jira gudan ya tsuke ya tsatso ruwa, wannan ruwan ana tace shi a yi maganin ɗigawa a busasshen ido. Amma mai allura sai ya kula da agogo, don in ya yi nawa ruwan zai daskare ya toshe bakin allurar.

Kalsiyam ɗin iri biyu ne a kantin magani na asibiti, kuma ba ɗaya suke ba. Mililita 1 ta kalsiyam kuloraid mai ƙarfin kashi 10 tana ɗauke da kusan miligiram 27 na kalsiyam, ta kalsiyam gulukonet mai ƙarfi iri ɗaya kuwa kusan miligiram 9. Wanda ya ɗauki awon wannan ya yi aiki da wancan ya yi kuskure ninki uku. Kuloraid ya fi zafi a nama, shi ya sa masu allurar fuska da fatar kai suka fi son gulukonet.

Sauri ko sannu?

Nan ne zuciyar darasin. Rauni ba a yini guda yake warkewa ba. Tsayar da jini aikin mintuna ne. Kumburi da share wurin na cin 'yan kwanaki. Gina sabon nama yana farawa wajen kwana na 3 ko na 4, ya ci gaba har mako 3, gyara shi ya yi ƙwari kuma aikin watanni ne. Su kuwa sinadaran gina nama ba su da tsawon rai in sun fita daga jaka: PDGF da ya shiga magudanar jini mintuna kaɗan yake yi ya ɓace. Ke nan in aka juye komai a awar farko, yawancinsa ya lalace ko ya wanke kafin ƙwayoyin da za su yi ginin su iso.

Manomi ya san wannan. Yuriya in aka zuba ta duka lokaci guda, ruwa mai ƙarfi ya sauka, mai yawa takan zurare kafin shuka ta ci, shi ya sa ake raba ta. Takin gida kuwa a hankali yake ruɓewa yana ciyar da gona har kaka. Turombin yuriya ne, sauran hanyoyin suna neman su zama takin gida.

Ragar fibirin ita ke kawo jinkirin. Wasu sinadaran suna maƙalewa a zarenta, su riƙa fita yayin da jiki ke narkar da ita. Ƙwayoyin da ke raye a cikinta kuma suna ci gaba da haɗa sababbi har ƙarshen kwanakinsu. Turombin mai yawa yana saƙa ragar a gurguje. Wadda ta saƙu a hankali ta fi laushi, ƙwayoyin gina nama sun fi samun hanyar ratsa ta.

A 2016 Carola Cavallo da abokan aikinta a Cibiyar Ƙashi ta Rizzoli da ke Bolonya a Italiya suka gwada abin kai tsaye. Suka haɗa PRP daga jinin lafiyayyun mutane 10, suka zaburar da shi ta hanya huɗu: kalsiyam kuloraid, turombin na mai jinin, haɗin su biyun, da kolajin. Suka auna abin da ya fita bayan minti 15, minti 30, awa 1, awa 2 da awa 24. Inda aka sa turombin, PDGF da TGF-beta sun fita nan take suka tsaya cak. Inda aka sa kalsiyam kaɗai, sakin ya fara kaɗan ya riƙa hauhawa har awa 24. Kolajin bai daskarar da ruwan ba sam, kuma abin da ya fitar ya fi na kowa ƙaranci. Amma wani binciken da Harrison da abokansa suka buga a 2011, wanda ya bi sakin har kwana 7, ya ga kolajin yana ci gaba da fitarwa bayan turombin ya daɗe da gamawa. Wanda ya auna yini guda da wanda ya auna mako ba tambaya ɗaya suka yi ba, don haka in kun ji an ce hanya kaza ta fi fitar da sinadarai, ku tambaya: zuwa yaushe?

A bar wa jiki

Likitocin 'yan wasa da yawa ba sa zaburarwa ko kaɗan. Hujjarsu ita ce jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi kusan duk kolajin ce, kalsiyam kuma yana nan a ruwan nama, zai rinjayi ɗan sitiret ɗin da ya shigo. Allan Mishra da Terri Pavelko na Kalifoniya sun yi haka a 2006 ga masu daɗaɗɗen ciwon jijiyar gwiwar hannu. Suna caccaka jijiyar da bakin allura don ta ɗan yi jini kolajin ya bayyana, sannan su zuba PRP a ruwansa. Bayan mako 8 ciwon waɗanda aka yi wa ya ragu da kashi 60 cikin 100, na waɗanda aka yi wa allurar kashe zafi kaɗai da kashi 16. Sai dai mutum 20 ne kacal a binciken, 15 a nan 5 a can, adadin da ba a gina hukunci a kansa.

Hanyar tana da sauƙi, ba a ƙara komai, allura ba ta toshewa. Abin da aka rasa shi ne iko: babu mai sanin kashi nawa na ƙwayoyin suka farka, ko nawa suka malale daga wurin.

Gilas

A birnin Nis na Faransa, Joseph Choukroun ya bi ta wata ƙofa a 2001. Bai sa sitiret ba, saboda haka bai buƙaci kalsiyam ko turombin ba. Ana zuƙar jini mililita 10 a busasshiyar kwalbar gilas, a ruga da ita injin nan take, a wulwula minti 10 a gudun zagaye 3,000 a minti. Taɓa gilas kaɗai yana tayar da wani furotin na jini mai suna fakta 12, daskarewa ta fara tun injin na juyawa. In ya tsaya sai a zaro wani guda mai launin ɗorawa daga tsakiyar kwalbar, a matse shi ya zama fata-fata da har ana iya ɗinke ta. Shi ake kira PRF, yana sakin sinadaransa har kwana 7 ko fiye. Sharaɗinsa hanzari: in aka yi jinkirin minti biyu-uku tsakanin hannun marar lafiya da injin, jinin ya daskare a cakuɗe, aiki ya ɓaci. Kuma asalin PRF ba ya bi ta allura, na shimfiɗawa ne da cusawa.

Wannan halin na gilas ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Wanda kububuwa ta sara, ana zuba jininsa kamar mililita 2 a sabuwar busasshiyar kwalbar gilas, a ajiye minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafin ya cinye fibirinojin ɗinsa, yana buƙatar maganin dafi. David Warrell da abokan aikinsa ne suka bayyana gwajin a shekarun 1970 lokacin suna aiki a Zariya, har yau kuma da shi ake aiki a wurare irin asibitin saran maciji na Kaltungo. In aka yi shi a kwalbar roba, jinin lafiyayye ma na iya ƙin daskarewa cikin lokacin. Dalili ɗaya ne da na PRF.

Ƙanƙara da sauran hanyoyi

Ana iya fasa ƙwayoyin da ƙarfi maimakon a tashe su. A daskarar da PRP a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a narkar a digiri 37, a maimaita sau biyu ko uku. Ƙanƙara tana yaga fatar ƙwayoyin, komai ya zube, a tace ɓawon a zubar. Abin da ya rage ruwa ne mai sinadarai ba ƙwaya mai rai, ana iya ajiye shi watanni a raba shi kashi-kashi. Ɗakunan gwaji na renon ƙwayoyin halitta da shi a madadin ruwan jinin ɗan tayin saniya. Amma firiza mai irin wannan sanyi tana son wutar da ba ta ɗaukewa, ku da kanku kun san asibitoci nawa ne a garinku za su iya wannan alkawari.

Akwai batirokzobin, sinadarin da ake samu daga dafin wani macijin Kudancin Amurka ɗan dangin su kububuwa. Yana saƙa fibirin ba tare da ya zaburar da ƙwayoyin ba, don haka ana samun guda mai ƙwayoyi a kwance. Akwai masu gwada girgizar sauti, da gajeren bugun lantarki, da haska fitila mai launi. Ta fitilar ta fi kowace talla a shagunan gyaran jiki, ita ce kuma mafi ƙarancin hujja.

Abin da ke ɓata aikin tun kafin a fara

Ƙwayoyin na iya farkawa ba da izinin kowa ba. Siririyar allura, jan sirinji da ƙarfi, jijjiga kwalba, ko wulwulawa fiye da kima duk suna sa su juye kayansu a ruwan da za a zubar. Sanyin firji ma yana canza musu kama, shi ya sa ma'ajiyar jini ke ajiye su a digiri 20 zuwa 24. Kwalbar nan mai murfi shunayya da ake ƙidayar jini da ita ba ta dace ba, sinadarin EDTA da ke ciki yana kumbura su.

Suna kuma iya ƙin farkawa yadda ya kamata. Asfirin yana raunana ƙwayar har ƙarshen rayuwarta, wato kwana 7 zuwa 10. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu ciwon gwiwa ke saya a kemis kullum, su ma suna raunana ta, ko da yake nasu yana wucewa da wuri. Ku gaya wa likita duk abin da kuke sha. Amma wanda aka ɗora a kan asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kada ya kuskura ya daina da kansa don za a yi masa PRP. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana yawan rage adadin ƙwayoyin, saboda haka wanda bai daɗe da tashi daga shi ba a fara ƙidaya jininsa.

To, wace ce ta fi warkarwa?

Duk abin da muka faɗa kan sauri da sannu a kwalbar gwaji aka auna shi, ba a jikin marar lafiya ba. Kwatanta sakamakon asibiti kuwa yana da wuya saboda sakacin masu rubutu. A 2017 Jorge Chahla da abokansa suka duba bincike 105 kan PRP a ciwon ƙashi da jijiya, suka tarar 11 ne kaɗai suka bayyana yadda suka haɗa nasu dalla-dalla. Tun 2012 DeLong da abokansa suka nemi a riƙa faɗin abu uku: yawan ƙwayoyin, yadda aka zaburar, da ko akwai fararen ƙwayoyi.

Manyan gwaje-gwajen ma ba duka suka yi wa PRP daɗi ba. A Ostireliya, a 2021, an raba masu amosanin gwiwa 288 gida biyu, waɗannan PRP waɗancan ruwan gishiri, bayan wata 12 ba a ga bambancin a zo a gani ba. Masu goyon baya suka ce ƙwayoyin haɗin sun yi kaɗan. A Birtaniya, a shekarar dai, mutum 240 masu ciwon agara, sakamako iri ɗaya. Inda aka fi ganin haske shi ne gyambon ƙafar masu ciwon suga. A wani gwaji na 2018 a Birtaniya da Denmak da Suwidin, an riƙa shimfiɗa daskararren faci na jinin marar lafiyar a kan gyambon: kashi 34 cikin 100 suka warke cikin mako 20, a ɗaya ɓangaren kashi 22. A ganina ba banza ba ne nasarar ta fito inda ake buƙatar guda mai zama a kan miki. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne wurin ciwo ke zaɓar hanya: mai dashen ƙashi da mai gyambo suna son guda, mai allurar jijiya yana son ruwa. Duk wanda ya ce muku hanyarsa ta fi ta kowa a kowane ciwo, ciniki yake yi.

Kada kuma kalmar "jininka ne" ta sa ku sakankance. A Afrilun 2024 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton mata 3 da ake kyautata zaton sun kamu da HIV a wani shagon gyaran fuska marar lasisi a jihar New Mexico, inda ake yi musu PRP. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini ba suna a kansu, wasu a firji tare da abinci. An rufe shagon tun 2018. Sabuwar allura, kwalba mai sunanku da ma'aikaci mai lasisi sun riga zancen kalsiyam da turombin.

Aiki

1. Wani likita yana da PRP mililita 4, yana bin awon Anitua. Mililita nawa na kalsiyam kuloraid zai zuba? In gulukonet ya samu a maimakonsa, me ya kamata ya tuna?

2. Me ya sa ba a buƙatar kalsiyam wajen haɗa PRF?

3. Ku bayyana da kalmominku yadda binciken 2011 da na 2016 suka saɓa kan kolajin ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

4. An ce za a yi wa wani ɗan'uwanku allurar PRP a gwiwa, yana shan diclofenac kullum, kuma makon jiya ya tashi daga zazzaɓi. Ku rubuta tambayoyi biyar da za ku yi wa likitan kafin a biya kuɗi, ku zo da su aji mu tattauna.